Alhaji mai littafi da akwatinsa

A layin ƴan atamfa na babbar kasuwar Maraɗi akwai wani dattijo wanda maƙwabtansa na rumfa suka laƙaba wa suna Alhaji mai littafi. Ba littafi yake sayarwa ba. Sana'arsa atamfa da shadda da leshi, kamar yadda ya gada wurin mahaifinsa. Amma a ƙarƙashin teburin da yake auna yadi akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin wanda ƴan makarantar kwana ke zuba tufafinsu, cike da littattafan ƙagaggun labarai, wasu bangonsu ya tafi, wasu an ɗinke su da zaren tela. Duk wanda ya zauna bisa bencinsa ya ɗan jima, ko ciniki ya kawo shi ko gaisuwa, da wuya ya tashi ba a tambaye shi ba: "Shin ka karanta wannan kuwa?" In ya ce a'a, sai Alhaji ya kama baki, ya dube shi da tausayi irin wanda ake duban wanda kasuwa ta watse bai yi ciniki ba. Daga nan sai a buɗe akwati.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan hali abin dariya, domin a nan ƙasar an saba ganin dattijo da carbi ko da rediyo, ba da labarin soyayya a hannu ba. Amma wanda ya natsu ya saurari dalilan Alhaji zai tarar akwai magana a cikin akwatin nan, kuma maganar ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikata baki ɗaya.

Karatun Alhaji na zamani bai wuce aji shida na ƙaramar lakwal ba. Daga nan mahaifinsa ya janye shi zuwa rumfa. Faransancin da ya rage masa na ƙidaya ne da na cika takardun duwan. Sai dai haruffan da ya koya a lakwal sun zame masa jari, don da su ya koya wa kansa karatun Hausa. A farkon shekarun 1990, yana saurayi, shi ake aikawa Kano saro kaya a Kantin Kwari, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Wanda ya san wannan hanya ya san jira: jiran mota ta cika, jiran a sauke kaya a duba, jiran a sake ɗaurawa. Wata rana ya ga wani yaro ya shimfiɗa ƙananan littattafai a bakin kasuwa, ya ɗauki guda don kashe lokaci. Littafin shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Labarin Sumayya ne, ɗiyar masu hali, wadda ta so talaka Muhammad, danginta suka nace sai mai kuɗi, har baƙin ciki ya kai ta ga faɗawa rijiya. Alhaji ya ce a daren nan bai runtsa ba. Ya ƙare batirin cocilarsa a kan iyaka, ya shigo Maraɗi da jajayen idanu, mahaifinsa na zaton zazzaɓi ne ya kama shi.

Abin da ya riƙe shi ba rijiyar ba ce. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an rubuta magana irin wadda ake yi a zauren gidansu ba: yadda tsohuwa ke yanke hukunci a kan jika, yadda uba ke yin shiru alhali ya san gaskiya, yadda ake auna mutum da abin da ke aljihunsa. Littattafan da ya gani a lakwal duk zancen wasu mutane suke yi, da wani harshe. Wannan kuwa da harshen uwarsa ya yi masa magana, kuma zancensa ya yi.

Yana da kyau mai karatu ya san inda irin waɗannan littattafai suka samo tushe. Ƙagaggen labari na Hausa da haruffan boko ya fara ne da gasar da aka shirya a Arewacin Najeriya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ƴan'uwansa. Bayan shekaru masu yawa kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya sake wata gasa, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai samari da ƴan mata na Kano suka ɗauki rubutunsu da kansu suka kai ƙananan maɗaba'u, suka biya da kuɗinsu, suka raba wa ƴan kasuwa. Wasunsu suka haɗu a ƙungiyar da suka kira Raina Kama. Littattafan ba su da tsada, ba su da nauyi, ana yanka labari guda kashi biyu ko uku don mai saye ya dawo neman ci gaba. Ta haka suka ƙetaro iyaka cikin dilar atamfa da buhunan kaya, suka shiga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Tawa ba tare da wata hukuma ta shirya musu hanya ba.

A cikin akwatin Alhaji akwai littattafai masu yawa, amma biyu ne ba ya bayar da aronsu sai ga wanda ya yarda da shi, kuma dukansu na mace guda ne, Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 zuwa 1976. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai ɗore ba, daga baya ta nemi ilimi da ƙoƙarin kanta.

Na farko shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na shekarar 1990. Labarin wani ɗan kasuwa ne mai rumfa, Alhaji Abdu, wanda ya ƙuntata wa matarsa Rabi da ƴaƴanta tara, ya kwashe abin da yake samu ya zuba a kan sabuwar amarya, har ya kori uwargida. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, shi kuwa gobara ta cinye masa dukiya, amaryar ta juya masa baya. Alhaji mai littafi ya ce ya karanta shi a lokacin da ciniki ya buɗe masa, abokai na zuga shi ya ƙara aure, alhali kuɗin cefanen da yake ajiyewa gida bai ƙaru da ko dala guda ba tun ranar da kasuwa ta fara yi masa daɗi. Da ya kai tsakiyar littafin sai ya ji kamar marubuciyar ta taɓa leƙa gidansa. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Auren dai ya ƙara daga baya, ba ya ɓoye wannan, amma sai da ya fara gyara ɗakin uwargida, ya ɗaga kuɗin cefane, ya biya bashin da ke kansa na tufafin yara.

Na biyu shi ne Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na 1990. A nan muryar Alhaji takan sauya in yana ba da labari. Littafin na magana a kan Abu, yarinya ƴar shekara 13 da aka raba da makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu a birni har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wannan littafi bai shigo hannun Alhaji da wuri ba. Lokacin da ya karanta shi ya riga ya cire ɗiyarsa ta fari daga lakwal ya aurar da ita, bisa shawarar dangi da tsoron maganar mutane. Ƙanwarta ce ta ci gajiyar karatun. Da masu neman aurenta suka fara aiko manya, sai ya ce a dakata har ta ƙare kwaleji, ya jure gorin ƴan'uwa shekara da shekaru. Yau ungozoma ce a gidan likita. Ita kuwa babbar tana gidan mijinta lafiya, da ƴaƴanta, amma in saƙo ya shigo wayarta sai ta nemi ɗanta ya karanta mata. Alhaji ba ya yawan magana a kan wannan. Abin da yakan ce kawai shi ne littafin ya iso gidansa a makare da ƴan shekaru.

Alhaji na da aboki tun ƙuruciya, wanda suka zauna benci guda a lakwal. Shi wannan ya zarce kwaleji da lise, ya yi aikin gomnati a Tawa da Yamai har ya ajiye aiki ya dawo gida, kuma kowa Mushe yake kiransa. Shi ma ma'abucin karatu ne, amma da Faransanci. Shekara da shekaru yana zuwa rumfa shan shayi, in aka buɗe akwati sai ya kau da kai, ya ce wannan karatun ƴan mata ne da zawarawa, ba adabi ba ne. Bai taɓa buɗe ko guda ba.

Wata rana Mushe ya iso da littafi a hannu, yana ta zumuɗi. Les Impatientes ne na Djaïli Amadou Amal, Bafulatana ƴar garin Marwa a arewacin Kamaru, wanda aka buga a Faransa a 2020, ya kuma ci kyautar Goncourt ta ƴan lise a wannan shekara. An fara buga shi a Kamaru a 2017 da wani suna, ya ci kyautar Orange ta littafi a Afirka a 2019. Mushe ya zauna ya zayyana labarin: mata uku ne, Ramla da Hindu da Safira, an raba ta farko da wanda take so da karatunta an ba attajiri mai mata, an ba ta biyu ɗan'uwanta mashayi mai dukanta, ta uku kuwa uwargida ce da aka yi wa kishiya, kuma duk wadda ta buɗe baki sai a ce mata ta yi haƙuri.

"Alhaji, ka ji adabi," in ji Mushe. "Mace ce ta fito ta faɗi abin da kowa ke ɓoyewa. Duniya duk ta jinjina mata."

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya sunkuya ya buɗe akwati, ya ɗauko littattafan nan biyu ya ajiye bisa atamfa.

"Mushe, Allah ya saka mata da alheri, ta yi ƙoƙari. Amma wannan magana shekara talatin ke nan tana ƙarƙashin teburin da kake shan shayi. Sai da Faransa ta buga mata hatimi ka ji ta?"

Aka yi dariya, aka yi musu, daga ƙarshe aka ƙulla yarjejeniya irin ta ƴan kasuwa: kowa ya ɗanɗana hajar ɗan'uwansa. Bayan sallar isha'i, a ƙofar gidan Alhaji, Mushe zai riƙa karanta nasa yana mayar da shi Hausa, shi kuma ya tafi gida da na Balaraba. A nan wani abu ya bayyana wanda ya kamata ma'aikata da yawa su yi tunani a kansa. Mushe, wanda ya shekara talatin yana rubuta rahoto a biro, ya tarar karatun harshen uwarsa na yi masa nauyi. Yana tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ, yana komawa farkon layi kamar ɗan aji biyu. Sai da ya yi sati kafin idonsa ya saba. Da ya dawo da littafin bai yi dogon jawabi ba. Ya ce akwai kurakuran ɗab'i, kuma ƙarshen labarin Rabi bai gamsar da shi ba, don an tilasta mata komawa ga wanda ya wulaƙanta ta. Sannan ya tambaya ko akwai wani na matar nan.

Gaskiya ita ce masu sukar littattafan Kano ba su rasa hujja ba. Da yawa an buga su cikin gaggawa, a takarda maras kyau, ba wanda ya tace rubutun. Wasu kwaikwayon finafinan Indiya ne tsagwaronsa, wasu ba abin da ke cikinsu sai lissafin motoci da gidajen bene. Malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, sunan ya bi su. A 2007 har an ƙone wasunsu a bainar jama'a a wata makarantar ƴan mata ta jihar Kano, da sunan gyaran tarbiyya. Alhaji da kansa yakan ce a cikin goma da ya saya da ƙyar biyu ke shiga akwati, sauran yara ne ke ƙunshe gyaɗa da su. Amma ɗan atamfa ya fi kowa sanin cewa a dila guda akwai mai zuba akwai mai riƙe launi, kuma ba a ƙi dila don turmi guda ya zuba. Aikin mai karatu na ƙwarai shi ne ya zaɓa, ya kuma iya faɗin dalilin zaɓinsa. Wanda ya yanke wa littafi hukunci bai buɗe shi ba, wannan ba zaɓi ya yi ba, girman kai ne. Abin lura kuma, a 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya, ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal. Wato mutanen ƙetaren teku sun ga darajar abin da wasu ƴan boko na maƙwabta ke jin kunyar a gan su da shi.

Sai dai katangar nan fuska biyu gare ta, kuma zaman ƙofar gida ya nuna wa Alhaji ɗayar fuskar. Da suka ƙare littafin ƴar Marwa, Mushe ya shiga kawo na marubutan Nijar. Ya kawo Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, labarin sarauniyar Aznan Lugu a ƙasar Arewa wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, littafin da Med Hondo ya mayar fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ya kawo Quinze ans, ça suffit! na Amadou Ousmane, na 1977, wanda ya tono yadda manya suka yi sama da faɗi da taimakon abinci a zamanin babban fari. Ya kawo Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo, na 1978, a kan ƴan cin rani masu barin ƙauye su nufi bakin teku. Dare bayan dare Alhaji na sauraro, shayi na hucewa a hannunsa. Da aka kai labarin fari sai ya tuna layin rabon hatsi da ya gani yana yaro. Da aka kai na cin rani sai ya ambaci ƙannensa biyu da suka tafi Abijan.

Daga nan ƙaunarsa ga littafi ta haɗu da wani ɓacin rai. Ya ce: "Ashe labarin gidanmu a Kano ake rubuta shi, labarin ƙasarmu kuma da harshen da ban iya ba." Ya aika Yamai, ya tambaya a Damagaram ko zai samu waɗannan littattafai da Hausa, bai dace ba. Ko na Faransancin ma samunsu sai da wahala, tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kuɗin duk littafin da ake shigowa da shi daga can ya ninka, iyaye da yawa suka taƙaita ga na lakwal kaɗai. Sakamakon shi ne gari guda, harshe guda, amma masu karatu kashi biyu, kowane na da rabin labari. Ma'aikaci ya san Sarauniya bai san Rabi ba, ɗan kasuwa ya san Rabi bai san abin da ɗan ƙasarsa ya rubuta a kan Sarauniya ba.

Kada a ce ai zamani ya wuce littafi. Masu karatu ba su ƙare ba, wurin karatun ne ya sauya. Jikokin Alhaji na bin dogayen labaran Hausa a wayar salula, ta WhatsApp da makamantansa, wasu kuma na sauraron ana karanta su a gidajen rediyo. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, mata da yawa suka fito da rubutunsu. Ƙishirwar na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai kai ruwan wannan rijiya zuwa waccan unguwa.

Wannan kuwa aiki ne da ke hannun masu karanta wannan shafi. Ma'aikacin da ya iya harsunan biyu, musamman wanda ya ajiye aiki yana neman abin da zai cika wuninsa, yana iya neman izinin masu haƙƙin littafi guda na marubutan Nijar, ya zauna ya mayar da shi Hausa mai daɗi. Ɗan kasuwar da ke kashe jikkuna barkatai a biki guda yana iya ɗaukar nauyin buga shi, kuma ba sadaka ake roƙonsa ba, haja ce: marubutan Kano sun nuna tun shekarun 1980 cewa Bahaushe na sayen labari in an rubuta shi da harshensa aka sa masa kuɗin da zai iya. Malamin lise da ke koyar da Une si longue lettre na Mariama Bâ, na 1979, ba abin da zai rage masa in ya ce wa ɗalibansa su nemi Balaraba su gwada matan biyu. Shi kuwa wanda ya ari littafi, mafi ƙanƙantar gudummawarsa ita ce ya mayar. Alhaji na da wani kaye da yake rubuta sunayen masu aro, kuma ya ce bashin da ke cikinsa ya fi na atamfa wuyar karɓa, don mai bashin yadi yakan ji kunya, mai bashin littafi kuwa cewa yake ya ba wani.

Har yanzu abokan nan biyu na zama bayan isha'i. Mushe ya sayi kaye mai kauri ya fara rubuta fassarar babin farko na wani littafi, yana karanta wa Alhaji, shi kuma yana tare shi duk inda Hausar ta yi warin biro, ya ce: "Mushe, ba haka ake faɗi a kasuwa ba, sake." A makon jiya babbar ɗiyar Alhaji ta zo gaisuwa, ta tarar ana karatu, ta zauna daga bakin zaure tana sauraro har aka tashi. Da za ta tafi sai ta ce: "Baba, a ara mini wancan na yarinyar da ta koma makaranta, ɗana zai karanta mini." Alhaji ya buɗe akwati ya miƙa mata, bai rubuta sunanta a kaye ba.